Shekarar 1492 daga bakin ruwan Makango

Jiya na yi kusan awa uku a bakin ruwan Makango ina jiran jirgin fito zuwa Yeji. Yaron ƙanwata na zaune kusa da ni yana haddar tarihi saboda jarrabawa, sai na ji yana maimaita 1492, Kolombus, Amurka. Na ce masa, Ɗana, a shekarar nan mene ne ya faru a wajenmu? Ya dube ni kamar na tambaye shi kuɗi. Ban ga laifinsa ba, mu ma haka aka karantar da mu. To, ga abin da na gaya masa, na ce bari ku ma in rubuta muku.

Ran 2 ga Janairu na shekarar, Sarkin Garnaɗa Abu Abdullahi ya miƙa makullan garinsa ga sarakunan Kirista Fadinand da Isabela, mulkin Musulmi na kusan shekara 800 a Andalus ya ƙare. An yi yarjejeniya cewa za a bar wa Musulmi masallatansu da alƙalansu, ba a cika shekara goma ba aka warware ta. A ƙarshen Maris aka umarci Yahudawan ƙasar su karɓi Kiristanci ko su fita, da yawansu suka sami mafaka wajen Sarkin Daular Usmaniyya Bayazid na biyu. Kolombus bai tashi ba sai a Agusta, watan da Rodrigo Borjiya ya zama Fafaroma.

Inda labarin ya fi shafar mu shi ne bakin Kwara. A watan Nuwamba Sunni Ali na Sanwai ya mutu a hanyarsa ta dawowa daga yaƙi. Mutumin nan shi ya ci Tumbutu da Jenne, shi ya kori mayaƙan Mosi a 1483 bayan sun kai hari har Walata. Jarumi ne ba shakka, amma malaman Tumbutu ba su yafe masa abin da ya yi musu ba, kuma alƙalami a hannunsu yake, shi ya sa azzalumi muka gada a littafi. Ɗansa Sunni Baru bai ɗumama gadon ba. Cikin Afrilun 1493 wani babban kwamandan ubansa ya ci shi da yaƙi a Anfawo, shi ne Askiya Muhammadu. Hujjar da aka bayar ita ce Musuluncin gidan Sunni gauraye yake. Mai yiwuwa haka ne. Ni dai abin da na lura, a Garnaɗa da Gawo, fadar Sanwai, duka, wanda ya zare takobi da sunan addini shi ne ya kwana a kan karaga da taskar zinariya.

Wajen wannan lokaci ne Shehu Magili ya baro Tuwat, bayan rigimar da ya tayar kan wurin ibadar Yahudawan Tamantit. Ya sauka Kano zamanin Muhammadu Rumfa, mai Kasuwar Kurmi, ya rubuta masa littafi kan abin da ya wajaba a kan sarki. Daga baya ya wuce Gawo ya amsa wa Askiya tambayoyinsa. Ku duba, malami ɗaya, fada biyu. Bayan shekara 300 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana kafa hujja da waɗannan amsoshi.

Nan ƙasarmu fa? Kasuwar Salaga ba ta kafu ba tukuna, wannan tafki da nake kallo ma sai a shekarun 1960 madatsar Akosombo ta haife shi. Zuriyar Naa Gbewaa, wanda tarihin baka ya ce ya zauna Pusiga kusa da Bawku, suna ta kafa sarautun Mamprusi da Dagomba da Nanumba. Fadar Dagomba ba ta komo Yendi ta yanzu ba. Zinariya na fita daga daji ta Bego, Wangarawa na kai ta Jenne, su kuwa Turawan Fotugal sun gina ganuwarsu a Elmina tun 1482 suna janye ta zuwa teku. Tarihin Kano ya ce tun zamanin Abdullahi Burja, kafin Rumfa, aka buɗe hanyar Gwanja. Kenan sa'ad da ake miƙa makullan Garnaɗa, jakunan fatake sun riga sun san ƙurar hanyar goro, hanyar da ta kawo kakanninmu zango.

Wani abu da ya tsaya mini a rai: ƙara 400 a kan 1492. A 1892 rikicin sarautar Kpembe, mai riƙe da Salaga, ya ɓarke, Kabachewura Isifa ya shigo da taimakon Dagomba da Nanumba, Salaga ta watse. Fatake da malamai suka bazu Yeji da Kete Krachi da sauran wurare. Cikin waɗanda suka ƙarasa Kete Krachi har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya rasu can a 1934. Wannan ce tamu Garnaɗar, kuma yaron nan bai taɓa jin ta ba sai jiya.

'Yan'uwa na Salaga, Yendi da Bawku, duk wanda ke da tsoho a gida ya zauna da shi a daren nan, ya tambaye shi ina gidansu ya nufa bayan faɗan Salaga. Ku rubuto mini abin da ya ce.