Zare da Wa'adi

Telolin Briqueterie, unguwar Hausawan Yawunde, sun san halin keke: zaren ƙasa in ya ƙare, allura na tafiya, ɗinki bai kamawa. Da wannan nake fayyace wa ɗalibaina “zare” a kwamfuta, wato kowanne daga ayyukan da manhaja ke gudanarwa lokaci guda. Zaren da ya sami matsala wajibi ne ya sanar da sauran. Mai jiransa kuma a yanka masa wa'adi, kada ya yi jiran gawon shanu. A 1997, kumbon Pathfinder na duniyar Mars, wani zare ya riƙe makullin da wani ke jira. Cikar wa'adi ce ta fallasa cikas ɗin, injiniyoyin NASA suka gyara daga nan duniya.