Katuna Shida a Kan Tabarma

A watan Maris na shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a Nijeriya, wani malamin Hausa mutumin Fassi, cikin Ƙaramar Hukumar Kibiya, ya shiga damuwa game da ɗalibansa masu shirin jarrabawar fita sakandare. Sai ya duƙufa shi kaɗai yana ɗaukar darussan nahawu da muryarsa, kowanne kusan rabin awa, yana aika musu ta WhatsApp. Kafin wata ya zagayo, galibinsu sun daina saurare, domin kuwa wasu wayar ta yayyensu ce, wasu kuma kuɗin data da na caji ya gagare su.

Da ya kai kukansa wurin wani abokin aikinsa a Rano, sai abokin ya ba shi labarin wata dabara mai suna ABC, wadda Clive Young da Nataša Perović suka fito da ita a Kwalejin Jami'a ta Landan a 2015. Yadda ake yi shi ne, malamai su haɗu na tsawon minti 90, su shimfiɗa babbar takarda su raba ta mako-mako, sa'an nan su jera katuna a kanta. Katunan iri shida ne, bisa ga rabon da Farfesa Diana Laurillard ta yi wa hanyoyin koyo, watau saurare ko karatu, da bincike, da tattaunawa, da gwaji, da haɗin gwiwa, da kuma samar da aiki.

Da damina ta faɗi, malamai huɗu suka haɗu a zauren gidansa. Suka yayyanka kwalin sukari suka rubuta sunayen katunan, suka juya bayan tsohuwar kalanda a kan tabarma. Aka ce ya fara jera darussansa yadda ya koyar da su. Ko da ya gama, sai ga makonnin duka sun cika da kati iri ɗaya, na saurare. Wata malama ta dube shi ta ce, "Malam, ai kai kaɗai kake ta magana. Yaushe yaran za su buɗe baki?" Maganar ta sosa masa rai, amma ga katunan nan a gabansa, babu wurin musu.

Nan take suka shiga sauya jeri. Aka mayar da kowane darasi minti biyar. Aka sa katin bincike, inda ɗalibi zai nemo karin magana biyar a bakin kakarsa ya fitar da suna da aikatau daga ciki. Tattaunawa kuwa aka kai ta bayan sallar Isha'i, saboda da rana yaran suna gona. Wanda ba shi da waya aka haɗa shi da maƙwabcinsa mai ita, su yi aiki ɗaya su aiko tare.

Ba duka ɗaliban suka dawo ba, amma waɗanda suka dawo sun jure har aka fara jarrabawar WAEC ranar 17 ga Agusta. Amfanin katin kwali shi ne, yana fito da abin da ke cikin kan malami fili, inda abokin aiki zai iya sa hannu ya ɗauke ko ya matsar, tun kafin kuskuren ya isa ga ɗalibi. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Har yau katunan suna cikin jakar malamin, ɗaure da kyauro, kuma ba ya fara sabon zango sai ya kira abokan aikinsa sun shimfiɗa su.