Gashin Ƙashi Ba Ya Jiran Rani

A Karare da sauran ƙauyukan Batsari da Safana, wanda ɓarin jikinsa ya shanye yakan koma ɗaki ya kwanta, ana jiran sauƙi daga Allah. Addu'a wajibi ce, amma gaɓar da ta daɗe ba motsi sandarewa take yi, kuma watannin farko ne jiki ya fi karɓar gashin ƙashi. Shi ya sa nake ganin takardar turawa daga asibitin Batsari zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ita ce matakin farko na magani.

Za a ce hanya da nisa, ga fargabar 'yan bindiga, ga kuɗin mota. Gaskiya ne. Sai dai ba kullum ake zuwa ba: likita yakan koya wa mai jinya motsin da za a riƙa yi a gida. Batun kuɗi kuwa, wata doka ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya, kuma jihar Katsina na da hukumar da ke kula da inshorar. Gara a yi rajista tun ana lafiya, a tambayi abin da katin ya ƙunsa.