Ina Tuwon Acca Ya Tafi?

A hutun da ya wuce mun bi hanyar Jos zuwa Kagoro, ta Ganawuri da Manchok. Da muka hango dutsen Kagoro, sai muka tuna da girkin iyayenmu mata: tuwon acca da miyar karkashi, da gwate mai yakuwa da gauta, da kunun acca kafin a tafi makaranta.

Amma a gidan da muka sauka shinkafa aka kawo mana, yara kuwa Indomie suke kuka a ba su. Muka tambayi uwargida dalili. Ta ce acca ba ta da laifi, wahalarta ce ta kore ta. Ƙwayarta kamar yashi take. Sai an surfa a turmi, an yi ta rairaya da ƙwarya, kafin tsakuwa ta fita. 'Yan mata suna makaranta, wa zai yi?

Duk da haka acca takan nuna kafin dawa, ta raba gida da yunwa, tana kuma yi ko a ƙasar da ta gaji. Iyaye, in yaranmu ba su ɗanɗana ta ba, wa zai shuka ta gobe? Mu dafa musu ko sau ɗaya a mako.