Rasiɗin Haraji da Garwar Ruwa

Na taso a Kontagora a shekarun da mulkin En'e ke ƙarewa. Alhaji Sa'idu Namaska ya zama Sarkin Sudan a 1974, aka yanke Jihar Neja daga Jihar Arewa maso Yamma a 1976, a shekarar ce kuma aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul. Sunayen ofisoshi sun sake, amma abin da ake bin magidanci yana nan. Da kaka ta yi, dawa ta shiga rumbu, sai mai unguwa ya fara zagaye da littafinsa.

A ƙa'ida, ana yanka wa gari jimillar kuɗi ne, dagaci da masu unguwanni su raba wa mazaje gwargwadon ƙarfin kowa. Abin da na gani da idona shi ne, tsakanin mahaifina, maɗinki mai keke ɗaya da 'yar gona, da Alhajin lungunmu mai motocin dakon kaya zuwa Yawuri, bambancin bai taka kara ya karya ba. Ga shi lokacin biya ya faɗo daidai sa'adda hatsi ya fi araha. Baba yakan sayar da dawa a wulaƙance don ya biya, damina ta yi tsakiya ya koma kasuwa ya sayo irinta da tsada. Rasiɗin kuwa a cikin hularsa yake kwana, a ninke, ya yi laushi don gumi, saboda ana iya tare mutum a bakin kasuwa a ce ya nuna.

A 1979 muka ji a rediyon Kaduna cewa Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke haraji da jangali. Inna ta ce, "Malam, ka ji an huta a can." Baba ya tsayar da keke ya ce shi biyan bai taɓa ci masa rai ba, rashin awo ne ke damunsa.

Wannan rashin awo ya fi fitowa fili a maganar ruwa. Babu mita a unguwarmu, kuɗin wata ake yanka wa kowane gida. Famfonmu ɗaya ne tal a tsakar gida. Gidan Alhaji akwai tanki a sama, yaran mota suna wanke tayoyi har ruwa ya gangaro lungu, amma takardar da ake kawo mana da tasu kusan ɗaya ce. Idan bazara ta kama, Maris zuwa Afrilu, gidajen kwari su samu ɗigo da asuba, mu na tudu mu buɗe famfo sai huci yake yi. Ƙarshen wata takarda ta iso cif, kamar mun sha mun yi wanki.

Mu ma da sauƙi. Bayan katangarmu akwai wata gwaggo mai sayar da ƙosai, mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, ba ta da famfo sam. Kullum da safe ɗan garuwa yakan shigo mata da sanda a kafaɗa, garwa biyu na lilo, ya yafa ganye a samansu don kada ruwan ya zube. Tana kunce bakin zani ta ƙirga masa kwabbai kafin ta ɗora kasko. Da na girma na iya lissafi, na gane abin da take ba ɗan garuwa a wata ya fi abin da mai tanki ke biya. Ita ce mafi talauci a lungun, ita ce kuma ke sayen ruwa mafi tsada, kuma har yau idan na tuna raina yakan sosu.

Yanzu garwa ta koma jarka, sanda ta koma kura, masu hali kuma sun haƙa burtsatse sun fita daga layin kowa da kowa. Da fitarsu aka rasa masu muryar da za a saurara idan famfo ya ƙafe.

Ni ina goyon bayan a biya. Kwata ba ta yashe kanta, injin tura ruwa yana shan mai, ma'aikaci yana da iyali. Kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi aikin kimanta gidaje don karɓar kuɗi a kansu, kuma wannan ya fi harajin kai adalci, in dai za a auna: bene mai shaguna a bakin titi daban, ɗaki biyu na ƙasa a cikin lungu daban. A ruwa kuwa, Afirka ta Kudu ta fito da tsari a 2001 na ba kowane gida lita 6,000 kyauta a wata, abin da ya haura nan a biya. Tsarin yana buƙatar mita, mita kuma kuɗi ce, don haka a fara ɗaura ta a otal-otal, da wuraren wankin mota, da masu ƙulla ruwan leda, kafin a zo kan gidan mai famfo ɗaya. Watan da ruwa bai zo ba kuma, kada a kawo takarda.