Miyar Waken Inna

A wani gidan haya da ke Tudun Wadar Gusau akwai wata dattijuwa da kowa ke kira Inna, wadda ba ta yarda kowa ya ɗora mata miyar wake. Asalinta mutuniyar wani ƙauye ce a ƙasar Tsafe, inda akan shuka wake tsakanin gero, mutane su ci ƙwaya, dabbobi su ci harawa. Da 'yan bindiga suka hana zuwa gona, sai iyalin suka taso birni, watau mai auna wake da ƙwarya ya koma saye da gwangwani.

Duk da haka ba ta rage wa miyar kome ba. Takan zauna ta tsince waken, gama wake ɗaya ke ɓata gari, ta jiƙa, ta surfa a turmi, ta wanke har ɓawon ya fita sarai. Sa'an nan ta ɗauko ƙashin ragon layya wanda ta rataye bisa murhu tun Babbar Salla, hayaƙi ya shige shi ya zama banda. Turawa da naman alade mai hayaƙi suke yin tasu, abin da ba ya shiga tukunyar Musulmi, amma ƙanshin da ake nema ɗaya ne. Ƙashin zai daɗe yana tafasa kafin wake ya bi shi da ɗan ƙwaryar kanwa, kaɗan ainun, don idan ta yi yawa miya sai ta yi bauri. In ya nuna luguf ta burge da maburgi, ta zuba daddawa da albasa da tattasai da manja, ta janye itace. A nan ne masu gaggawa kan ƙona gindin tukunya.

Ran nan aka wayi gari babu wake, babu kuɗin saye. Surukarta ta dubi wani gora da ke ƙarƙashin gado, cike da wake da toka, ta ce, "Inna, ko a ɗiba daga wancan?"

Inna ta daɗe ba ta tanka ba. Irin gonarsu ne, shi kaɗai ta iya ɗaukowa daren da suka fito.

Ta ce, "'Yar nan, wannan na shuka ne. Kaɗa mana kuka."