Cikinku nawa ne suka iya iyo?



Bayan Sallar Layya wasu samarin Nima da Mamobi suka shigo zauren Maigida da takarda, suna neman izni da albarka su je yawon ruwa a Ada, inda kogin Volta ke shiga teku. Mu da muke riƙe da alƙalamin zauren muka karanta masa ita. Da aka tambaye su abin da ya ja hankalinsu, sai babbansu ya miƙo waya.

Mun ga mutum kwance rub da ciki a kan wani allon roba mai kauri, ya riƙe marikinsa da hannu biyu, kogi na gangarowa da shi tsakanin duwatsu, ruwa ya yi fari fat don kumfa. Kansa da kwalkwali, jikinsa da rigar hana nitsewa, ƙafafunsa da takalman iyo masu faɗi kamar na agwagwa. A Faransa aka fara wannan wasa a ƙarshen shekarun 1970, yau kuma ana yin sa a kogin Kaituna na New Zealand. Samarin sun san ruwan Ada bai kai haka ba, abin da ke kusa suka nema.

Dukkanmu dattawa baki ɗaya muka ce a'a, kuma muna da dalili. Ba mu manta da daren 3 ga Yuni 2015 ba, lokacin da ambaliya da gobara suka haɗu a Circle, fiye da mutum 150 suka rasu. Ba mu manta da ɗaliban da bishiya ta faɗo wa a magangarar ruwa ta Kintampo a Maris 2017 ba.

Maigida dai bai ce komai ba, sai da aka sake nuna masa. Ya sa yatsa a kan wani mutum da ke gaban masu wasan, ya ce, "Wannan fa?" Suka ce, "Baba, jagora ne. Shi ya san kogin, shi ke koya musu ishara da hannu tun a bakin ruwa, shi ke nuna musu inda ruwa ke juyawa ya riƙe mutum." Maigida ya ce, "To, 'ya'yana, cikinku nawa ne suka iya iyo?" Hannu biyu kawai suka tashi. Da mu aka tambaya, ko ɗaya ba zai tashi ba.

Nan kunya ta kama mu. Mun tashi a bakin babbar kwatar Nima, muna zaune a garin da ke gaɓar teku, amma abin da muka koya wa yaranmu game da ruwa tsoro ne kaɗai. Tsoron kuwa bai hana su cika bakin tekun Labadi kowace Sallah ba. A makarantar allo mun ji an ruwaito cewa Sayyidina Umar ya yi umarni a koya wa yara iyo. A Argungu har yau akwai Sarkin Ruwa, kuma ba a shiga Matan Fada ranar bikin kamun kifi sai da izninsa.

Hukuncin Maigida, kamar yadda muka rubuta, shi ne za a je Ada, amma sai kowane yaro ya koyi iyo a hannun ƙwararre, ya sa rigar hana nitsewa, kuma a tafi da jagoran da ya san ruwan. Kuɗin farko da aka tara, na koyon iyo ne.

Iyaye, ku yi wa naku wannan tambaya yau da daddare. Allah Ya tsare mana zuri'a, amin.